Kayan mutum-mutumi na Arduino Uno a gasar ɗaliban injiniya

Ina koyar da ɗaliban injiniyan lantarki na aji uku, kuma ƙarshen zango mukan haɗa musu gasa. Kowace ƙungiya ta ƙera mutum-mutumi mai taya biyu da zai bi layin baƙin salatif a kan farin katako, wanda ya riga kammala zagaye ya ci. Abin da muke saya musu shi ne ƙunshin nan mai Arduino Uno (ƙaramin allon kwamfuta da ke sarrafa mutum-mutumin), injinan taya biyu masu ruwan ɗorawa, allon L298N mai ba injinan wuta da sensa TCRT5000 mai gano layin.

Shi Uno ba ni da ƙorafi a kansa. ATmega328P ɗinsa, wato ƙwaƙwalwar allon, mai gudun 16 MHz ya ishi wannan aiki har da ragi. Sai dai yawancin na kasuwa kwafi ne masu CH340, guntun da ke haɗa allon da kwamfuta ta USB, dole a sa direbansa (manhajarsa) a kwamfuta kafin ta gane allon.

L298N ne ke ba ni haushi. Yana cinye kusan bolt 2 kafin wuta ta isa taya, ga zafi. Idan ɗalibi ya ɗora masa batir mai bolt 9 ɗin nan mai kusurwa huɗu, da injinan sun ja wuta sai Uno ya mutu ya sake tashi a tsakiyar tsere. Batir 18650 guda biyu ne maganin wannan, mai hali kuma ya sayi allon TB6612FNG a madadin L298N. Sensar ma ba ta jituwa da rana: mutum-mutumin da aka daidaita da dare a hostel yakan rikice da zarar an fito fili da hantsi, sai an yi mata rumfar kwali.

Injinan taya kuwa ba sa gudu daidai, ɗaya kullum ya fi ɗaya, kuma saboda haka ne ba na son a canza su. Ɗalibin da ya haddace lissafin PID (lissafin da ke gyara tafiyar mutum-mutumi idan ya kauce wa layi) don jarrabawa, nan ne yake fara fahimtarsa. Yana gani da idonsa mutum-mutuminsa na tangaɗi hagu da dama, ya rage lambar Kp ta lissafin, ya ƙara ta Kd kaɗan, ya sake sakinsa. Na sha ganin yarinyar da ba ta buɗe baki a aji tana gardama da 'yan ƙungiyarta a kan lamba ɗaya har ladan ya kira magariba.

Duk malamin da zai shirya irin wannan gasa, ya sayi ƙunshin, amma ya haɗa da sensa da wayoyi na ajiya, don suna lalacewa da wuri a hannun masu koyo.