Ƙarin Nauyi ko Zoben Roba: Maganin Zamewar Ƙafafun Ƙaramin Jirgin Ƙasa

Idan kan ƙaramin jirgin ƙasa na wasa ya zo tudu, ƙafafunsa suna ta juyawa wuri ɗaya, gyara biyu ake yi: a ƙara masa nauyi, ko a sa wa ƙafafun zoben roba. Kafin nan a goge dogon da tsumma mai tsabta, don sau da yawa maiƙo ne kawai.

Zoben roba, irin wanda kamfanin Märklin ke sa wa jiragensa, yana kama dogo nan take, jirgi ya ja taragu masu yawa. Sai dai roba ba ta ɗaukar wuta, don haka ƙafar da aka sa wa ta daina shan lantarkin da jirgin ke samu daga dogo, jirgi ya riƙa cijewa a mahaɗar layi. Tana kuma tsufa, ta saki.

Ni na fi son nauyi. A liƙa guntun dalma, ko tungsten (ƙarfen da ya fi dalma nauyi) in wurin ya matse, daidai saman ƙafafun da ke ja. Nauyi yana ƙara riƙo, yana kuma gyara shan wuta. Amma a gwada: riƙe taragun da hannu, a ba shi wuta. Idan ƙafafun suka ƙi juyawa, nauyin ya yi yawa, injin cikinsa zai ƙone. A rage.