Allon tatsar wuta daga igiyar rediyo: yana aiki, amma ba zai caja maka waya ba

Allon lantarkin da nake magana a kai bai kai tafin hannu ba. Ta intanet na saye shi, an ƙera shi ne don zangon megahaz 900, wanda layukan GSM ke amfani da shi a nan Najeriya. Aikinsa shi ne ya kama igiyar rediyon da ke yawo a iska ya mayar da ita wutar da ƙaramar na'ura za ta iya sha. Na yi amfani da shi sosai a teburin aikina, kuma na gamsu da shi, sai dai gamsuwar tana da sharaɗi.

Tsarinsa ba shi da sarƙaƙiya. Eriya ce, sai 'yan ƙananan kayan da ke daidaita ta da sauran allon a kan om 50 (om ma'aunin turjiyar da wuta ke fuskanta ne), sai dayod, wato ƙananan kayan da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, irin na Schottky da aka jera su don su ninka ƙarfin wutar, sai kafasita mai tara wutar. Zaɓen Schottky shi ne abin da ya fi burge ni. Dayod na silikon da muka saba da shi a gyaran rediyo sai wuta ta kai wajen bolt 0.6 kafin ya buɗe, alhali abin da eriya ke kamowa sau da yawa bai ko kusanci haka ba. Schottky kuwa yana buɗewa tun a wajen bolt 0.2, kuma yana iya bin saurin wannan zango. Likin dalmar ma tsaf yake, babu inda na sake taɓawa.

Da na ajiye waya kusa da eriyar aka kira ta, nan take mitar auna wuta ta motsa, fitilar LED ta yi ƙyaftawa. Da na matsar da wayar taku biyu, sai abin ya faɗi warwas. Wannan ba laifin allon ba ne, haka igiyar rediyo take: idan ka ninka nisa sau biyu, ƙarfin da ke iso maka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. A kan rufin da ke fuskantar turken sadarwa na samu abin da ya fi na cikin ɗaki nesa ba kusa ba, amma a can ma sai kafasita ta daɗe tana tarawa kamar tulun da ake cikawa da ɗigon ruwa, sannan ta saki wutar da ta isa na'urar auna zafi ta farka, ta karanta, ta koma barci.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake tallata irin waɗannan alluna da sunan wutar kyauta. Matasanmu masu son lantarki suna kashe kuɗin da suka sha wuya kafin su tara, suna zaton za su huta da neman wurin caji. A 2009, Alanson Sample da Joshua Smith sun gwada tatsar wuta daga igiyar rediyo a birnin Siyatil na Amurka, suka fuskanci turken wani gidan talabijin mai watsa kilowat 960 daga nisan kilomita 4.1. Abin da suka samu mikirowat 60 ne (mikirowat kashi ɗaya ne cikin miliyan na wat), ya kuma isa ya kunna ma'aunin zafi da laima mai ɗan gilashin nuna lamba. Cajar waya ta yau da kullum wat 5 take bayarwa, wato fiye da ninki 80,000 na wancan.

Eriyar da aka haɗo da shi ita ce rauninsa. Na yanka wayar tagulla mai tsawon santimita 8 da ɗoriya, rubu'in tsawon igiyar wannan zango ke nan, na kafa ta a kan farantin ƙarfe, sakamakon ya fi kyau. Takardar bayanin ma ta yi ƙaranci, ba ta ce komai ba game da yoyon kafasita, wanda a irin wannan ƙanƙanuwar wuta zai iya cinye duk abin da aka tara.

Ga ɗalibin injiniya da malamin da ke son nuna wa aji yadda daidaita eriya ke sauya komai, ina ba da shawarar a saya. Wanda kuma yake son kunna na'urar gona ko fitila, ƙaramin farantin sola zai fi masa amfani a irin ranar da muke da ita, kuma da kuɗin da bai kai na wannan ba.