Dardumar kilim a Turkiyya, da abin da ta tuna mini na Ƙofar Mata

'Yan uwa, a kasuwar Kapalıçarşı ta Istambul na ga mai darduma ya miƙa wa mai saye jiƙaƙƙen farin ƙyalle, ya ce ya goga a jikin kilim da hannunsa. In ƙyallen ya ɗauko launi, rinin bai kama ba. A gida wane ɗan kasuwa zai yarda a gwada masa kaya haka?

Kilim saƙar gashin tumaki ce, shafal take, gaba da baya duk ɗaya. Zaren kwance ke rufe na tsaye, ana danne shi da wani abu mai haƙora kamar matsefi. Inda launi biyu suka haɗu akan bar 'yar tsaga, shi ya sa zanen ke tafiya hawa-hawa. Tsagar da ta yi tsawo, daga nan darduma ke fara yagewa.

Aikin yana wajen rini. Sai an wanke maiƙon gashin, a dafa kilo ɗaya da alif kamar giram 150 zuwa 200, sannan launi ya zauna. Ja daga saiwar da Turkawa ke kira kök boya yake, wadda ta shekara uku a ƙasa. Kada zafin ruwan ya wuce digiri 70. In ya tafasa, jan ya koma ruwan ƙasa. Rawaya daga ɓawon rumman, shuɗi kuwa baba ne, irin namu. Kore sai an haɗa biyun. Baƙi da ƙarfe ake yi, kamar kulokon dukawanmu, amma yana cin gashin, shi ke fara sulɓewa.

Masaƙan Turkiyya ma sun taɓa barin wannan rini suka koma na kanti, sai a 1981 Bajamushe Harald Böhmer da Jami'ar Marmara suka farfaɗo da shi a ƙauyukan Ayvacık da ke yammacin Turkiyya.

Akwai algus fa. Za a cika ka da shayi, a ninka kuɗi, a ba ka ta roba. Zare ɗan zare ka ƙona: na gaske ƙaurin gashi yake ya murmushe, na roba narkewa yake ya dunƙule.

Tumakinmu, balami da uda, ba su da irin wannan gashi, na yarda. Amma muna da auduga, da karan dafi, da bagaruwa. Ramukan marinar Ƙofar Mata da yawa sun cike da shara, mu kuwa muna shimfiɗa dardumar roba da ke koɗewa kafin shekara ta zagayo. Wallahi abin yana ci mini rai.