Sashen gwajin gadon ciwon daji: sun yi ƙoƙari, amma akwai gyara

Duk wanda namiji a gidansu ya haɗa kansar furostet (wata tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) da kansar mama, ina ba shi shawara ya nemi sashen gwajin ƙwayoyin gado a asibitin da ake duba shi. Mu dai ya yi mana amfani sosai.

Babanmu yana kan maganin furostet, bicalutamide, sai wani ƙullutu mai tauri ya fito masa ƙarƙashin kan nono ɗaya, ba ciwo ba komai, aka ce ai maganin ne, kuma gaskiya maganin yana kumbura nonon maza, amma wannan gefe ɗaya ne kuma kan nonon ya fara shigewa ciki. Da aka yanki tsokar aka gwada, kansa ce. Maza kusan kashi 1 cikin 100 ne na masu kansar mama, shi ya sa hankali ba ya zuwa wajen.

Matar da ta zauna da mu a sashen, Allah Ya saka mata, ba ta yi gaggawa ba ko kaɗan. Ta zana dangi kaf a takarda har gwaggonni da kakanni, wa ya yi kansar mama, wa ta yi ta ƙwan mahaifa, a shekara nawa. Sannan ta yi bayanin BRCA2, ƙwayar gadon da aikinta gyara DNA, wato sinadarin gadon da ke jikin mutum, in ya lalace, in ta samu tangarɗa sai haɗarin cututtukan biyu ya hau tare, kuma ta furostet ɗin takan zo da zafi. Jini kawai aka ɗiba. Sakamakon ya nuna baba yana da wannan tangarɗar, wato kowannenmu 'ya'yansa, mace ko namiji, damar gadonta rabi da rabi ce. Mazan da aka samu suna ɗauke da ita ta ce su fara gwajin PSA, wato gwajin jini na duba lafiyar furostet, daga shekara 40, kuma akwai magani irin olaparib da ake ba masu wannan tangarɗar.

Inda suka ɓata min rai: takardun da suke rabawa duk da mata suke magana, dattijo yana zaune yana jin kunya kamar ya shigo inda bai kamata ba. Sannan likitan furostet da na mama ba sa magana da juna, mu ne muke yawo da fayil tsakaninsu muna maimaita sunayen magunguna, wannan kam ya kamata su gyara tun kafin a ba wani maganin da bai jitu da ɗaya ba.