Tef ɗin tela ko sikeli? Amsa ga mai tambayar awon ƙiba

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tsakanin sikelin da kike shirin saya da tef ɗin tela, ki ɗauki tef. Sikeli ki riƙa hawa na asibiti ko na kemis sau ɗaya a wata, ya wadatar.

Sikeli nauyi kawai ya sani. Ƙashi, tsoka, ruwa, kitse, har tuwon da kika ci jiya da dare, duk ya haɗa ya ba ki lamba ɗaya. Ita ma lambar ba ta da amfani sai an haɗa ta da tsawo, wato lissafin da ake kira BMI: ki raba nauyinki na kilo da tsawonki na mita, abin da ya fito ki sake raba shi da tsawon. Mace mai kilo 70 da tsawon mita 1.60 za ta samu 27.3. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce, 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, 25 zuwa 29.9 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuma an shiga ƙibar da likita ke lissafawa a matsayin matsala. Ga mai tsawon 1.55, wannan 30 ɗin yana faɗowa ne a wajen kilo 72, mai 1.60 kilo 77, mai 1.65 kilo 82, mai 1.70 kilo 87. Iyakar abin da sikeli zai yi miki ke nan, kuma ba laifi, yana nuna ko ana hawa ko ana sauka.

Abin da ba zai taɓa faɗa miki ba shi ne inda kitsen ya zauna, alhali nan ne maganar take. Kitsen cinya da mazaunai yana ƙarƙashin fata, bai cika ta da hankali ba. Na cikin ciki, wanda ke lulluɓe hanji da hanta, shi ne ke hana jiki sarrafa suga yadda ya kamata, shi ke tafiya da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya. Ki ɗauki mata biyu, kowacce kilo 70, tsawo 1.60, BMI ɗinsu ɗaya. Ta farko ƙugunta santimita 78, mazaunai 106. Ta biyu ƙugu 94, mazaunai 100, ƙafafu sirara, tumbi a gaba. A wajen biki ta farkon za a ce wa mai jiki, amma ta biyun ce ya kamata ta je a duba mata suga. Sikeli ya ce duk ɗaya suke, tef ya raba su cikin minti biyu.

Lambobin tef na mace baliga uku ne. Ƙugu in ya wuce santimita 80, kusan inci 31 da rabi, haɗari ya fara. In ya wuce 88, kusan inci 35, haɗarin ya yi yawa ko da nauyin bai kai ko'ina ba. Na biyu, ki raba awon ƙugu da awon mazaunai, in ya kai 0.85 kitsen ya taru a ciki. A misalin can ta farko tana da 0.74, ta biyu 0.94. Na uku shi na fi so, don ba ya buƙatar haddace komai: kada ƙugunki ya kai rabin tsawonki. Mai santimita 160 ta tsaya ƙasa da 80, mai 150 ƙasa da 75, mai 172 ƙasa da 86. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Birtaniya ta sa wannan cikin ƙa'idojinta a 2022, ta ce ƙugu a raba da tsawo, 0.5 zuwa 0.59 haɗari ya ƙaru, 0.6 zuwa sama ya yi tsanani. Na fi son sa ne saboda 80 da 88 an samo su daga binciken da aka yi a kan Turawa, kuma ba sa la'akari da gajeriya ko doguwa. Gajerar mace mai tsawon 148 da ƙugu 79 ba ta kai 80 ba, amma ta wuce rabin tsawonta. Wadda ba ta son lissafi ma ta sami igiya, ta yanke ta daidai tsawonta daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ta ninka biyu, ta zagaya cikinta. In bakin biyu ba su haɗu ba, ƙugun ya wuce rabin tsawo.

Wurin aunawa ne inda yawancin mata ke kuskure. Ba inda tela ke aunawa don ɗinkin siket ba ne, ba kuma inda kike ɗaura zani ba. Ki sa yatsa a kwiɓinki ki laluba ƙashin haƙarƙari na ƙarshe, ki sauko ki laluba saman ƙashin ƙugu, tsakiyar waɗannan biyun nan ne tef zai bi. Kada ki dogara da cibiya, domin ga wadda ta haihu da yawa ko teɓa ta sauko, cibiya ta bar wurinta. Ki auna da safe kafin karin kumallo, a kan fata, a tsaye, ƙafafu kusa da juna. Ki tsaya gaban madubi ki tabbatar tef bai karkace ya hau sama ta baya ba, don karkacewa kaɗai na ƙara awon. Ki saki numfashi kamar yadda kika saba sannan ki karanta, ban da shanye ciki. Tef ya kwanta a fata ba tare da ya nutse ba. Ki yi sau biyu, in bambancin ya wuce santimita ɗaya ki sake daga farko. Mazaunai kuma a wurin da suka fi faɗi ake aunawa.

In za ki lissafa BMI ma, tsawo ke ɓata shi fiye da nauyi, saboda sau biyu ake raba nauyin da shi. Mace mai kilo 78 da tsawon 1.60 tana da 30.5. In aka auna ta da takalmi da ɗaurin kallabi da acuci aka rubuta 1.65, sai ta koma 28.7, ta fita daga layin ƙiba a takarda kawai. A cire takalmi, a kwance ɗauri, a jingina da bango, a ɗora littafi a ka a yi alama.

Akwai lokutan da tef ɗin ma ba ya aiki. Mai juna biyu ba ta wannan awon. Mai jego ta bari sai bayan watanni, mahaifa da fatar ciki su koma. Wadda cikinta ke girma alhali hannu da fuska na ramewa, ko take jin wani abu mai tauri a mara, ko jinin al'ada ya yi yawa, wannan ba maganar teɓa ba ce, ƙari a mahaifa ko ruwa a ciki na iya kawo haka, hoton ciki take buƙata. Wadda BMI ɗinta ya haura 35 kuwa tef ba zai ƙara mata wani sabon labari ba. Sannan matan da al'ada ta ɗauke musu su fi kowa riƙe tef, domin a shekarun nan kitse na ƙaura zuwa ciki ko da sikeli bai motsa ba.

Yanzu maganar masu sayarwa, ko da ba ki tambaya ba. A kasuwa akwai tef ɗin da ake kawowa daga Chana wanda gefe ɗaya santimita ne, ɗaya gefen kuma ya yi kama da inci amma ba inci ba ne, awonsu ne na gargajiya da kowane ɗaya ya kai santimita 3.3. Mace mai inci 38 za ta auna da shi ta ga 29 ta yi ta murna. Kafin ki biya, ki duba lamba 10 a gefen inci, ki juya bayanta. In ta faɗa kan 25.4 tef ɗin gaskiya ne, in ta faɗa kan 33 ki ajiye masa abinsa. Ki zaɓi wanda ba ya miƙewa in an ja shi, mai ƙarfe a baki, tsawon santimita 150. Tsohon tef da ya sha ja yana ƙara tsawo, sai ya riƙa rage miki awo.

Masu tallan sikelin gilashi da ake haɗawa da waya, wai yana faɗin kason kitse da shekarun jiki, su ma ki yi hattara. Wata 'yar wutar lantarki yake turawa ta tafin ƙafa ya yi hasashe, kuma ruwan da kika sha, gumi, kaushin ƙafa, duk suna canza lambar. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji ma ba a yarda ta hau shi ba. Mafi muni su ne masu auna ki kyauta da irin wannan na'ura, su tsorata ki da lamba, sannan su ciro shayin rage tumbi. Yawancin irin shayin nan zawo da fitsari yake sawa, ruwa ne ke fita, sikeli ya nuna kilo biyu sun tafi, tef kuma yana nan inda yake. Bel ɗin ɗaure ciki ma matsewa kawai yake, kina cirewa komai ya dawo.

In kin auna kin ga kin wuce 88 ko rabin tsawonki, mataki na gaba gwaji ne. A duba hawan jini, 140 bisa 90 ko sama da haka in ya maimaitu magana ce ta likita. A duba suga da safe kafin ki ci komai, 7.0 ko 126, gwargwadon na'urar da aka yi amfani da ita, shi ne layin ciwon suga. Ki rubuta awon ƙugun da kwanan wata a takarda, ki maimaita duk bayan mako huɗu da tef ɗin nan dai, kuma kada ki auna a kwanakin da al'ada ta kusa, ciki kan kumbura a lokacin.