Horon tallan intanet: na kyauta a waya ko na kuɗi a aji?

Hajiya, kin ce kina sayar da turaren wuta da humra kusa da Kasuwar Wunti, kuma kina son sanin wanda zai fi miki amfani tsakanin darussan tallan intanet na kyauta da ake bi a waya, da horon kwana uku na kuɗi da wata cibiya take shiryawa a nan Bauchi. Na taɓa bin kowannensu, don haka ga abin da na gani.

Darussan kyauta ba na banza ba ne. Google ya fara shirin Digital Skills for Africa a 2016, kuma a 2017 shugaban kamfanin, Sundar Pichai, ya yi alkawari a Legas cewa za a horar da mutum miliyan 10 a Afirka. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, yana da nasa mai suna Blueprint. Tun da masu dandalin ne da kansu suke koyarwa, bayaninsu kan yadda talla take kai wa ga jama'a ya fi na kowa inganci. Sai dai galibi da Turanci ake yi, yana cin data, kuma yawancin misalansu na mai shagon intanet ne wanda ake biyansa da kati, alhali ke masu sayen kayanki saƙon murya suke turo miki, su nemi ragi, su tura kuɗi ta banki, sannan ki ba direba kayan a tasha ya kai Azare ko Misau.

A nan ne horon aji ya yi fice, idan an dace da malami. Wanda ya koya mana ya karɓi wayar wata mai dambun nama, ya shimfiɗa farin ƙyalle a bakin taga, ya sake ɗaukar hoton da hasken safe, sai ga kayan da a da suka yi duhu kamar na kwantai sun fito fes. Daga nan ya sa kowa ya buɗe WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018, ya jera kayansa da farashi, ya kuma tanadi amsar da ake turawa nan take. Ya nuna mana yadda ake taƙaita tallan Facebook ga matan cikin garin Bauchi kawai, ya kuma tunatar da mu harajin kashi 7.5 da ake ɗorawa a kan kuɗin talla tun Janairun 2022, abin da mutane da yawa suke mantawa wajen lissafi.

Amma fa ba kowane malami ne haka ba. Akwai wanda zai cika ki da hotunan majigi, ya koya miki sayen mabiyan bogi, ya miƙa miki takardar shaida, wadda babu mai sayen humra da zai taɓa tambayarki ita.

Shawarata, ki fara da na ajin, amma kafin ki biya ki nemi malamin ya nuna miki shafin kasuwancin da yake gudanarwa da hannunsa, ki kuma tambaya ko da Hausa za a yi, kuma ko a wayarki za ki gwada komai. Idan hannunki ya faɗa, sai ki koma Blueprint ki bi darussan tallan Instagram a hankali, darasi ɗaya a mako ma ya isa.