Mobil 1 0W-40 a Injin Porsche 911: Abin da Allurar Geji Ke Nufi

Mobil 1 FS 0W-40 shi ne baƙin man da aka fi sani a wurin masu Porsche 911 ƙirar 997, wadda aka fara sayarwa a 2004, kuma dalilin hakan a fili yake. Tun 1996 kamfanin Porsche yake zuba man Mobil 1 a injinansa kafin mota ta bar masana'anta, sannan wannan samfurin yana ɗauke da shaidar amincewar kamfanin da ake kira A40, wadda mai saye zai gani a rubuce a bayan robar. Na daɗe ina juye da shi a Carrera S mai injin lita 3.8, kuma a ganina mai ne da ya ci kuɗinsa, sai dai mutane da yawa suna yanke masa hukunci da allurar gejin matsin mai, alhali ba su san abin da allurar take aunawa ba.

Ƙorafin kusan iri ɗaya ne a bakin kowa. Da safe allurar tana hawa har 5, wato ƙarshen gejin, amma da zarar injin ya ɗauki zafi kuma mota ta shiga cunkoso, sai ta sauko tsakanin 1 da 2. Mai mota ya tsorata, bakanike ya duba ya ce man ya yi ruwa, zafin ƙasarmu ya fi ƙarfinsa, a zuba 20W-50 mai kauri. Bayan juye kuwa allurar takan ɗaga, kowa ya koma gida hankali kwance. Wannan shawara tana da tushe a tsofaffin motocin da injinsu ya saki, kuma shi kansa kamfanin Porsche yana sayar da 20W-50 domin tsofaffin 911 masu sanyaya injin da iska, waɗanda aka ƙera har zuwa 1977, amma injin 997 wani abu ne dabam.

Gejin ba ya auna yawan man da ke isa ga metal, wato shimfiɗar ƙarfen da sandar injin ke juyawa a kai, yana auna turjiyar da man ke fuskanta ne a hanyarsa. Wanda ya taɓa danne bakin tiyo da babban yatsa ya san cewa ƙarfin ruwa yana ƙaruwa ba tare da rijiya ta ƙara komai ba. Famfon mai na wannan injin yana juyawa tare da injin, yana tura kusan adadi ɗaya a kowane juyi, saboda haka matsi yakan yi ƙasa a silo ya hau idan aka taka totur. Idan matsin ya kai iyakar da aka tsara, wani bawul yakan buɗe ya mayar da rarar man cikin kasko, kuma mai kauri yana sa wannan bawul ya buɗe da wuri, ta yadda allura za ta nuna lamba mai daɗin gani alhali wani kaso na man bai bi ta metal ɗin ba. Man da ke ratsa metal shi ne yake ɗebe zafin wurin, don haka raguwar gudunsa asara ce ko da geji bai nuna ba. Ma'aunin da ya kamata a riƙe shi ne na littafin motar: idan injin ya yi zafinsa na aiki, a juyi 5,000 a minti ya kamata allurar ta nuna kamar 3.5 a ma'aunin matsi na bar ko sama da haka. Da 0W-40 tawa motar tana cika wannan sharaɗi ko a tsakar ranar bazara, allurar tana bin totur nan take, ba ta rawa, ba ta jinkiri.

Lambar 0W ita ce ta fi ruɗa masu saye a Kano da Abuja, domin suna ɗaukar ta a matsayin man ƙasashen ƙanƙara. Gaskiya ne cewa gwajin da ke ba mai wannan lamba ana yin sa ne a sanyin digiri 35 ƙasa da sifili, sanyin da ba mu taɓa gani ba, amma lambar 40 da ke bayanta ita ce ke bayyana kaurinsa a digiri 100, kuma a nan yana aji ɗaya da 15W-40 da kowa ya yarda da shi. Amfaninsa a wurinmu yana cikin mintunan farko bayan tayar da mota, domin a digiri 40 kaurin 20W-50 ya kai ninki biyu na nasa, shi kuwa yana saurin isa saman injin inda tafet da na'urar VarioCam Plus, mai sarrafa buɗewar bawul-bawul ɗin injin, suke aiki da matsin mai. A safiyar hunturu ƙarar tafet ba ta daɗewa take ɗaukewa, kuma wannan na daga cikin abin da ya sa na tsaya a kansa.

Yana da nasa rauni. A cikin ajin 40 yana kusa da ƙasa, domin ajin ya fara daga 12.5 ya tsaya kafin 16.3 a ma'aunin kauri, shi kuwa yana wajen 13. Wanda yake matsa wa mota na dogon lokaci har zafin mai ya haura digiri 120 zai ga allurar ta sauka fiye da yadda zai so, kuma ga irin wannan direba na fi ganin dacewar 5W-40 mai shaidar A40, kamar Motul 8100 X-cess, ko 5W-50 na Mobil 1 ɗin kansa. Haka nan ba na bin doguwar tazarar juye da aka tsara domin titunan Turai. Ƙurar hunturu, tsayuwa a cunkoso da fetur ɗin da ingancinsa ke bambanta daga gidan mai zuwa gidan mai suna gajiyar da kowane mai, don haka nake ganin kada a wuce kilomita 8,000 ko shekara guda, kuma a canza filta a kowane juye. Da yake injin yana cin sama da lita takwas, aljihu yana ji.

Akwai faɗuwar matsi da babu man da zai gyara. Idan allura tana nutsewa a tsakiyar doguwar kwana da aka shiga da gudu, man ne ya tattaru a gefe ɗaya na kasko har famfo ya zuƙi iska, kuma abin dubawa shi ne yawan man da tsarin kaskon. Motar ba ta da sandar awo, sai awon lantarki a gaban direba, wanda ke buƙatar mota ta tsaya a wuri mai daidai, kuma cika mai fiye da kima yana jawo hayaƙi. Idan kuma matsin silo yana raguwa a hankali daga juye zuwa juye da mai iri ɗaya a zafi iri ɗaya, sai a ɗaura geji na hannu a tabbatar, domin na'urar da ke aika saƙo ga allura ma tana lalacewa, sannan a yanka tsohuwar filta a duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe. Jar fitilar mai kuwa idan ta kama ana tafiya, a kashe injin nan take.

Masu 997 na 2008 zuwa sama, wadda aka sauya wa injin, su lura cewa famfonta na'ura ce ke sarrafa shi gwargwadon buƙata, saboda haka allurarta ba ta bin totur kamar ta farkon. Sababbin Porsche masu matatar da ke tare ƙurar hayaƙi kuma shaidar C40 suke nema, ba A40 ba. Ga mai 997 ta farko da ke hawa a gari da babbar hanya, ina ba da shawarar wannan mai ba tare da shakka ba, da sharaɗin a saya a wurin dillalin da aka amince da shi, a duba hatimin murfi da lambar da aka buga a jikin roba, domin mai sunan da ya shahara shi masu jabu suka fi kwaikwayo, kuma a tsaya a ga an buɗe kowace roba a gaban ido kafin a zuba.